Karatun da Gwaggo Ta Yi wa Tela

Gwaggo ta yi wa makaho ƙarya, kuma makahon nan yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ta taɓa hana shi abinci ba, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Littafi ta riƙe a hannu tana karanta masa abin da ba a rubuta a ciki ba, har ta kai shi ga shakkar 'yar da ya haifa. Masu son sassauta mata suna cewa tsautsayi ne. Ni dai ban san tsautsayin da ake yi kullum bayan azahar ba, a zaune a kan kujera, da kofin shayi a gefe.

Tela ya yi rabin rayuwarsa a kan keken ɗinki kafin ciwon suga ya ci masa ido. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura, ya ce laifin masu ƙera allura ne, sun rage girman kafarta. Daga nan ya yanka yadin wani a karkace. Daga nan sai duhu. Aka rufe shago, aka kawo keken gida aka jingina a kusurwar falo, aka lulluɓe shi da tsohon zanin gado. Abin da ya rage masa na sana'a gwangwanin maɓallai ne. Yakan juye su a faranti ya ware su da yatsa, masu huda biyu a nan, masu huɗu a can, in ya gama ya haɗe su ya sake daga farko.

Su uku ne a gidan. Matarsa ta rasu tun 'yarsu tana makaranta. 'Yar ita kaɗai Allah ya ba su, shi ya sa kowa yake ce mata Tilo. Shi uban kuwa, Uwata yake kiranta, domin sunan mahaifiyarsa ya sa mata. Tana aiki a kantin magani, ta fita da safe ta dawo da yamma, kuma ita take yi masa allurar suga kafin ta fita da bayan ta dawo. Bahaguwa ce. An koya mata ci da dama da miƙa abu da dama, amma rubutu da almakashi da allura sai hagu.

Ta ukun ita ce ƙanwar Tela, wadda Tilo take kira Gwaggo, har sunan ya bi ta unguwa duka. Aurenta ya mutu tun da daɗewa, ba ta haihu ba, ta dawo gidan yayanta aka ba ta ɗakin da ke kusa da kicin. Shekara da shekaru tana magana a gidan nan ba mai jiran ta kai ƙarshen zance. Da Tela ya makance sai ta zama idonsa. Ita ke gaya masa wa ya shigo, wace riga ya sa, ko hadari ya haɗu.

Tilo ce ta kawo littafin, wani mai kauri da jan bango, na soyayya, irin waɗanda 'yan mata ke wucewa da su hannu zuwa hannu a wurin aiki. Ta ce Gwaggo ta riƙa karanta masa ko ya rage zaman shiru.

"Ni za a karanta wa soyayya?" in ji Tela. "Ina da furfura har a hanci?"

"Baba, ba soyayya kaɗai ba ce. Akwai asirin gida a ciki."

"Asirin gidan wasu ya dame ni? Na gidana ma ban gama da shi ba. Har yau ban san wanda yake shanye min madara ba."

Gwaggo ta ce, "Yaya, in da ni kake, fito fili."

Suka yi dariya su duka. Washegari aka fara.

Na karanta littafin daga baya, don in san abin da aka jingina wa laifin. Labarin wata budurwa ce da take son wani likita, danginta ba sa so. A gidan kakanta akwai hoton iyali da aka yanke fuskar mace ɗaya da almakashi, ba wanda yake yarda ya faɗi ko wace ce. Yarinyar ta yi ta bin diddigi har ta gano ƙanwar kakan ce, wadda aka kora bisa zargin satar da ba ta yi ba. Wuraren soyayyar sun yi tsawo, likitan ya cika surutu, ga ruwan sama da yake sauka duk lokacin da marubuciyar ta rasa abin cewa. Amma sashen hoton ya yi kyau, kuma babu mugun abu a littafin daga bango zuwa bango. Babu matar da ta ci amanar miji. Babu ɗan da ba a san ubansa ba.

Tela ya shiga labarin da ƙafa biyu. Yana ware maɓallai yana yanke hukunci.

"Wannan likitan ba miji ba ne. Mutum ya yi shafi guda yana yabon idon mace, marasa lafiya suna layi?"

"To ai so ne, Yaya."

"So ne ko rashin aikin yi? Wuce min wurin hoton."

Abin da ba wanda ya sani shi ne idon Gwaggo ma ya fara rauni. Rubutun littafin ƙanana ne, in ta ɗan jima sai layukan su riƙa hawa kan juna. Ga Tilo a kantin magani, ta san inda ake gwada ido, magana ɗaya ta isa. Gwaggo ta ƙi faɗa. Tana tsoron a ce to ta huta, a samo wani ya karanta, ta koma ɗakin kusa da kicin. Sai ta fara tsallake layin da ya gagare ta tana cike gurbin da nata. Wata rana ta sa wa kakar budurwar cikin littafin wata baƙar magana daga kanta, Tela ya yi dariya har maɓallai suka zube.

"Kai! Wannan marubuciya ta san mutane," in ji shi.

Ba a taɓa yabon Gwaggo haka ba, ko da yake da sunan wata aka yi yabon. Daga ranar ta rage duban takarda. Tana juya shafi a kan lokaci don ya ji ƙarar, bakinta kuwa yana tafiya inda ya ga dama.

Da a nan ta tsaya da ban ɗauki alƙalami ba. Amma wanda yake magana daga kansa abin da ke ransa yake fitarwa, kuma abin da ke ran Gwaggo tsohuwar ƙiyayya ce. Ba ta taɓa son matar yayanta ba. Marigayiyar mace ce mai fara'a, kowa nata ne, ita kuwa Gwaggo tana ganin fara'ar ta yi yawa. Akwai wani abokin Tela da shagonsa ke manne da nasa, mai gyaran agogo, wanda a da yakan biyo shi gida su ci abinci tare. Mutum ne mai barkwanci, in ya yi magana matar gidan takan yi dariya daga kicin. Ya bar garin tun Tilo tana goye, ya rasu a can inda ya koma. Shi ma bahago ne.

Sai ga sabbin mutane sun shigo littafin. Ga wani miji mai sana'ar hannu da ba ya dawowa gida da wuri. Ga abokinsa, wanda Gwaggo ta mai da shi mai gyaran rediyo don kada abin ya fito fili da yawa. Ga mata mai yawan dariya. Ta yi ta saƙa su a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, tana haɗa su da hoton da aka yanke wa fuska. Sannan ranar nan ta zo da ta karanta masa cewa an zaunar da jaririyar gidan an ba ta cokali, ta miƙa hannun hagu ta karɓa, uwar ta tsaya a bakin taga ta dafe ƙirji, domin duk zuriyar mijin babu bahago.

Hannun Tela ya tsaya a cikin faranti.

"Sake karanta min wurin nan."

"Haba Yaya, in muna komawa baya yaushe za mu kai ƙarshe?"

"Shi mijin bai gane ba?"

"Ina zai gane? Yana can shago kansa a sunkuye."

Ya tattara maɓallan ya zuba a gwangwani ba tare da ya ware ba.

Mai ido in tunani ya dame shi yakan fita ya ga mutane, abin ya ɗan sake shi. Tela ba shi da wurin zuwa sai cikin kansa. Ya zauna ya riƙa jawo tsofaffin ranaku yana juya su. Ya tuna dariyar da ke fitowa daga kicin. Ya tuna ranar da abokin ya zo sallama, yadda ya ɗauki jaririyar ya daɗe yana kallonta. Ya tuna shi da kansa ya yi yawon kasuwa yana nema wa Tilo almakashin bahagwai, yana alfahari a shago cewa 'yarsa ta fita daban. Duk abin da ya taɓa yi masa daɗi ya dawo da wata fuska. Littafin bai ambaci sunansa ba, ya san da haka. Amma ya gaya wa kansa cewa marubuta daga rayuwa suke ɗauko labari, kuma abin da ya faru a gidan wani zai iya faruwa a gidan kowa. Kullum kuma Gwaggo tana ƙara masa sabon shafi.

Wata yamma Tilo ta dawo ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce ta matso. Ya ɗora hannu biyu a fuskarta. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne.

"Baba, awo za ka yi min? Hula za ka ɗinka?"

Ya bi goshinta da babban yatsa, ya auna tsakanin idanu, ya sauko hanci, ya kama kunne ya murza gefensa. Sannan ya mai da hannun kan tasa fuskar ya bi wuraren ɗaya bayan ɗaya. Dariyar Tilo ta ɗauke.

"Lafiya, Baba?"

"Tashi ki je."

Daga ranar bai ƙara ce mata Uwata ba. In zai kira ta sai ya ce, "Ke."

Akwai wani saurayi da yake neman auren Tilo, mai gyaran wutar lantarki ne, Tela ya sa masa Injiniya don tsokana. A da in ya zo gaisuwa sukan yi ta caccakar juna, Tela ya ce shi ne yake ɗauke wutar unguwa don ya samu aiki. Wannan karon ya zo da magana mai nauyi. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar tsohon.

"Baba, manyana ne suka ce in tambaya yaushe ya dace su zo."

"Su zo wurin wa?"

"Wurinka mana, Baba."

"A matsayin wa?"

Injiniya ya dubi Gwaggo, wadda take bakin ƙofar kicin da tsumma a hannu. Ta kau da kai.

"Baba, in na yi laifi ne a gaya min."

"Ba ka yi laifi ba, yaro. Amma ba na ba da abin da ban tabbata nawa ne ba. Ka je tukuna."

Saurayin ya tashi ya fita. Bai gaya wa Tilo kalmomin yadda suke ba, ya ji nauyi. Ya ce dai Baba ya ce a dakata.

Sai maganar allura. Tilo ta goge masa cinya da auduga, ta ɗauko sirinji, sai ya kama wuyan hannunta ya shafa.

"Da wane hannu?"

"Da wanda na saba, Baba."

"Ki yi da dama."

"Ban iya da dama ba, zan ji maka ciwo."

"To bar shi."

Ta roƙe shi, ta yi fushi, ta yi kuka. Ya juya fuska bango. Ta gwada da daman, allurar ta shiga a karkace ya yi tsaki ya ture ta. Aka fara tsallake allura. Ƙafafunsa suka kumbura, ƙishirwa ta hana shi sakat, wata rana ya tashi zai shiga banɗaki jiri ya kwashe shi ya faɗi a kan keken ɗinki, goshinsa ya fashe. Gwaggo ce ta ɗaga shi. Ita ta wanke jinin, ita ta ɗaure masa kai.

A nan ne nake tuhumarta fiye da ko'ina. Ta ga jini. Ta san daga inda abin ya taso, ta san kalma nawa za su kashe wutar. Gaskiya ne, ta yi niyyar ta juya labarin ta wanke matar cikin littafin. Amma da ta zauna washegari, tsohon ya juyo da fuskarsa gare ta yana jira kamar ba kowa a duniya sai ita, sai ta ji ba za ta iya sakin wannan ba. Ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Ranar da abin ya fashe, Gwaggo ta tafi gaisuwar rasuwa a wata unguwa, Tilo kuma tana hutun aiki. Ta gama wanki ta shigo falo ta tarar da shi zaune, littafin a kan cinyarsa yana shafa bangon. Ta yi tunanin ko ta wannan hanya za ta samu kansa.

"Baba, in karanta maka?"

Son jin ƙarshen ya fi ƙarfinsa. Ya miƙa mata.

Ta buɗe inda aka sa tsinken tsintsiya, ta fara. Budurwar da likitan suna tsaye a ƙarƙashin rumfar wani shago, ruwa yana zuba, tana gaya masa ta samo wata tsohuwa da ta san matar cikin hoton.

"Ba nan ba ne," in ji Tela.

"Nan tsinken yake, Baba."

"Ina mai gyaran rediyo?"

"Wane mai gyaran rediyo?"

"Kada ki raina min hankali. Abokin mijin. Uban yarinyar na gaskiya."

Tilo ta juya shafuka baya, ta juya gaba. Ta karanta littafin nan tun kafin ta kawo shi gida.

"Baba, babu wani mai gyaran rediyo a littafin nan. Babu yarinyar da..."

Ta tsaya. Ta dubi hannunta na hagu da ke riƙe da shafin. Awon fuska, da "Ke", da allura, da dakatar da Injiniya, duk suka haɗu mata wuri ɗaya.

"Yarinyar bahaguwa ce, ko?" ta tambaya a hankali.

"Ashe kin sani."

"Ban sani ba. Yanzu na sani."

"Kin ga ba na gani, shi ne za ki canza min littafi a gabana. Haka uwarki ta..."

"Baba, kada ka ƙarasa."

Muryarta ce ta tsayar da shi. Ba ta taɓa yi masa magana da irin wannan murya ba. Ta rufe littafin ta zauna a kujerar da ke fuskantarsa, har aka ji motsin ƙofar waje.

Gwaggo ta shigo tana cire mayafi tana ba da labarin cunkoson mota. Da ta ga littafin a hannun Tilo sai zancen ya maƙale.

"Gwaggo, sannu da dawowa. Nuna min shafin mai gyaran rediyo."

"Ke, ni sa'arki ce? Daga shigowata ko ruwa ban sha ba?"

"Ga ruwa. Nuna min."

"Yaya, kana jin 'yarka?"

"Ina ji," in ji Tela. "Ɗayanku tana yi min ƙarya, ni kuma ba ni da idon da zan duba. Karɓi littafin. Karanta min wurin cokali."

Gwaggo ta karɓa. Ta shafa wa idonta toka, ta juya shafuka kamar mai nema, ta tsaya a wani wuri, ta gyara murya. Ta karanta yadda aka zaunar da jaririyar, aka miƙa mata cokali, ta karɓa da hagu, uwar tana bakin ƙofa ta saki kwanon da ke hannunta.

"Sake," in ji Tela.

"Na gaji, Yaya, daga tafiya nake."

"Sake. Daga farkon layin."

Ta sake. Wannan karon kakar ce ta miƙa cokalin, uwar kuma ta juya ta shige ɗaki.

Tela ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Ran farko a bakin taga take, ta dafe ƙirji. Ɗazu a bakin ƙofa, ta saki kwano. Yanzu ta shige ɗaki. Matar nan ba ta zama wuri ɗaya ne?"

"To ai ido ne, wani lokaci mutum ya tsallake layi."

"Kada ki rufe. Riƙe shafin da yatsa. Miƙa mata."

Tilo ta karɓi littafin a buɗe yadda yake. Shafin bayanin ɗakin jiran asibiti ne, da benci, da wata mata mai tari. Ta karanta sakin layin farko.

"Sake."

Ta sake. Bencin yana nan, mai tarin tana nan, kalma bayan kalma.

"Sake."

Ta sake, ko harafi bai motsa ba.

Tela ya jingina da kujera. Ya daɗe yana numfashi ta baki. Da ya yi magana, a hankali ya yi.

"Tun yaushe?"

Gwaggo ta fara kuka. Ta ce idonta ne, ta ce tsoro ta ji, ta ce shi da kansa ya ce karatun yana masa daɗi. Ya bar ta ta gama.

"Idonki ne ya ƙirƙiro mai gyaran rediyo?"

Sai kukan ya tsaya, tsohuwar ƙiyayyar ta ɗago kai.

"To littafi bai faɗa ba. Amma ni ina gidan nan, kai kana shago. Na ga yadda take yi masa."

"Me kika gani?"

"Dariya. In ya yi magana sai ta yi ta dariya."

"Sai me?"

"Har da riƙe ciki."

"Na ce sai me?"

Gwaggo ta duba ƙasa.

"Dariya dai."

"Ni ma ina dariya in ya yi magana," in ji Tela. "Ke kaɗai ce ba kya yi."

Ya juya fuskarsa wajen da yake jin numfashin 'yarsa. Ya miƙa hannu cikin iska.

"Uwata."

Tilo ba ta kama hannun ba. Ta tsaya tana kallonsa, da ɗaurin da ke goshinsa, da kumburarrun ƙafafunsa.

"Baba, ita ta yi ƙarya. Amma kai ka zauna da mahaifiyata shekaru, ka san ta. Ka raine ni, ka san ni. Labari ɗaya aka karanta maka da rana, ka auna fuskata kamar yadin da aka kawo maka daga kasuwa."

"Na yi kuskure."

"Ka yi."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko akwatin allura. Ta durƙusa ta goge cinyar, ta yi masa da hagu. Bai motsa ba. Da ta gama ta tattara kayanta ta fita tsakar gida ta ci gaba da shanya, ana jin yadda take kaɗa tufafin da ƙarfi fiye da yadda suke bukata.

An yi auren bayan manyan Injiniya sun zo, Tela ya karɓe su da kansa, ya kuma nemi gafarar saurayin a gabansu ba tare da ya faɗi dalili ba. Tilo ta sa sharaɗi ɗaya, cewa da ubanta za ta tare, mijin ya yarda. Aka ware masa ɗaki, aka kai keken da gwangwanin maɓallai. Ba ta rage masa komai ba, allura a kan lokaci, abinci a kan ƙa'ida. Yana kiranta Uwata tana amsawa. Amma wasan da ke tsakaninsu bai dawo ba. In ya yi tsokana sai ta ce, "To, Baba," ta wuce. Ƙafar da ta kumbura a kwanakin da ya ƙi allura ba ta koma daidai ba, ciwo ya buɗe a ɗan yatsa ya ƙi rufewa, daga baya likita ya yanke yatsan. Ita ta kwana biyu a asibiti tana jinyarsa, kuma ko sau ɗaya ba ta ce masa ga abin da ya jawo ba. Shi ma bai tambaya ba. Injiniya ne ya ƙarasa masa littafin, a ranakun hutu. Da aka kai inda aka gano an kori ƙanwar kakan a kan zargin banza, tsohon ya ce a rufe haka nan, ya ji abin da zai ji.

Gwaggo kuwa ba a kore ta ba. Tela ya ce ba zai jefa 'yar uwarsa a titi ba, ta zauna a gidan, za a riƙa aiko mata da abin da za ta ci. Ana aikowa. Ta je gidan Tilo neman gafara, aka ba ta kujera a falo, aka kawo mata ruwa, ta yi sallama a ƙofar ɗakin yayanta ya amsa sallamar, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Ta koma, ta sake komawa, haka dai. Labarin ya zaga dangi, har ya zama in ta ce an yi haihuwa a gidan wane sai an tambayi wani kafin a shirya barka.

Tela bai ƙara yi mata magana ba har ya bar duniya. Ranar da ya rasu ba wanda ya aika mata. A bakin maƙwabta ta ji, bayan an dawo daga binne shi.